Wace Makarantar Likita Ta Dace Da Yaronmu?

A shekarar 2025, sa'ad da labari ya bazu cewa Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya da Fasaha a garin Tsafe, murna ta kai har cikin ƙauyuka. Daga Bilbis zuwa 'Yandoto, daga Gusau zuwa Bungudu, iyaye da yawa sun fara cewa ga shi Allah ya kawo mana makarantar likita har ƙofar gida. A majami'u ma, bayan an tashi daga sujada, maganar ke nan a bakin masu 'ya'ya a ajin ƙarshe na sakandare.

Murnar tana da dalili, gama wannan ƙasa tamu ta ɗanɗana zafin rashin likita. Ba mu manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har sai da ƙungiyar likitocin MSF ta zo daga ƙasashen waje ta kawo ɗauki. Haka kuma a 2017 cutar sanƙarau ta fi yin ɓarna a Jihar Zamfara fiye da kowace jiha. Bugu da ƙari, a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar Nijeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuwa kimanin 55,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200. Saboda haka duk gidan da ya tashi da niyyar ba ƙasa likita ɗaya, ya ɗauko abu mai kyau.

Amma fa niyya daban, zaɓen makaranta daban. Mu da muke aikin ikkilisiya muna ganin iyaye suna zuwa da takardu a hannu, wani ya sayar da shanun noma, wani ya jinginar da gona, suna tambaya ko nan ya fi ko can. Sau da yawa abin da ya ja hankalinsu shi ne sunan makaranta, ko kusancinta da gida, ko kuwa maganar wani da ya ce ya san hanya. Abin da wannan rubutu yake so ya nuna shi ne, makarantar da ta dace ita ce wadda za ta kai yaro har ga lasisin aiki, ta horar da shi a gefen gadon majinyaci, kuma gidansu ya iya ɗaukar nauyinta har ranar ƙarshe.

Tsawon Tafiyar

Da farko ya kamata kowane uba da kowace uwa su san irin tafiyar da za a shiga. Karatun likita a Nijeriya shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, idan babu abin da ya gitta. Kafin a kai ga haka, sai yaro ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, wato a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, kuma makarantu da dama suna so a ci su duka a zama ɗaya.

Shekarar farko ta share fage ce, ana maimaita darussan kimiyya, wanda bai ci su da kyau ba kuwa ba zai wuce gaba ba. Daga nan sai a shiga koyon ƙirar jikin mutum, da yadda gaɓoɓi suke aiki, da sinadaran da ke cikin jiki. A ƙarshen wannan zango akwai babbar jarrabawa wadda ɗalibai suke tsoro ƙwarai, domin ita ce mararraba. Wanda ya faɗi ana ba shi dama ya sake, amma in ya yi ta faɗuwa sai a sallame shi daga sashen, ya nemi wani fanni. Wanda ya haye kuwa sai ya koma asibitin koyarwa, inda zai koyi ilimin cututtuka da na magunguna, sa'an nan ya zaga sashen yara, da na mata da haihuwa, da na tiyata, da na cututtukan manya, da na lafiyar al'umma.

Bayan ya gama, ba a sake shi nan take ba. Zai yi rantsuwa, a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, kana ya tafi bautar ƙasa shekara 1. Ke nan daga ranar shiga zuwa ranar da zai tsaya da ƙafafunsa, shekara 8 ce a ƙalla. Yarinyar da ta shiga tana da shekara 18 za ta kai 26. Duk wanda zai zaɓi makaranta, sai ya auna ta da wannan tsawo.

Tambaya Ta Farko: Hukuma Ta Amince?

Akwai hukumomi biyu da suke da ta cewa a kan kowace makarantar likita. Ta ɗaya ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda take duba tsarin karatu. Ta biyu kuwa, wadda iyaye da yawa ba su san da ita ba, ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN. Ita ce take ba da lasisi, ita ce kuma take tura wakilanta su duba malamai, da ɗakunan gwaje-gwaje, da gadajen asibiti, kafin ta yarda makaranta ta yaye likita. Har ila yau ita take ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka a shekara. Amincewarta kuma hawa-hawa ce: akwai ta fara karatun aji, akwai ta shiga asibiti, akwai cikakkiya.

Wannan ba maganar takarda kawai ba ce, rayuwar 'ya'yan mutane ce. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da wasu sassa na Jami'ar Abuja, har da na likitanci, saboda rashin cika sharuɗɗa. Ɗaliban da suka riga suka shiga sun yi shekaru suna jira, ba gaba ba baya, kafin daga bisani al'amarin ya daidaita. A 2025 kuma an ji kukan ɗaliban sashen haƙori na Jami'ar Kalaba, inda aka ɗauki ɗalibai fiye da adadin da majalisar ta yarda, sai waɗanda suka kusa gamawa suka tarar hanyar lasisi a toshe. Waɗannan yara sun ci jarrabawa, iyayensu sun biya kuɗi, laifin ba nasu ba ne, amma su ne suka sha wahalar.

To, a nan ne ya kamata mu yi wa kanmu gaskiya game da sababbin makarantu. Ana ta buɗe su a Arewa, kamar Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Azare da aka kafa a 2021, ga kuma tamu ta Tsafe. Muna yi musu fatan alheri, kuma kowace babbar makaranta da jaririya ta fara. Sai dai sanya hannu a kan dokar kafa jami'a abu ɗaya ne, samun amincewar MDCN kuwa wani abu ne da yake ɗaukar lokaci, domin sai an tara malamai, an gina ɗakunan gwaji, an kuma tanadi asibiti. Ɗaliban farko su ne sukan ɗauki nauyin jiran. Don haka kafin a rubuta sunan kowace makaranta, tsohuwa ko sabuwa, a sa wani mai ilimi a cikin ikkilisiya ya duba jerin makarantun da MDCN take bugawa a shafinta na intanet, ya ga matsayin makarantar a wannan shekara, da adadin da aka yarda mata. Sa'an nan a tambaya: ta taɓa yaye likitoci? Ɗalibai nawa ne a aji ɗaya? Tambaya ba ta ɓad da mutum, kuma rigakafi ya fi magani.

Asibiti Shi Ne Rabin Makaranta

Ba a zama manomi da karatun littafi, sai an riƙe fartanya. Haka likita, rabin karatunsa a asibiti yake. Saboda haka in an ce makaranta kaza tana da dogayen benaye, sai a ce to, ina asibitinta, kuma su wa suke kwance a ciki?

Mu mutanen Zamfara, Allah ya sa muna tsakanin tsofaffin makarantu. Ta yamma akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, asibitinta kuwa ya yi suna wajen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, kuma majinyatanmu da yawa can ake tura su idan abu ya fi ƙarfin Gusau. Ta kudu maso gabas, in an bi ta Tsafe da Funtuwa, akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe sashen likitanci a 1967, wato ita ce uwa a Arewa, babban asibitinta yana Shika. A Kano akwai Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002. Akwai kuma Jami'ar Jos da ta Maiduguri, dukansu na 1975, sai Jami'ar Jihar Kaduna da asibitinta na Barau Dikko.

A ɓangaren makarantun ikkilisiya, akwai Jami'ar Bingham ta ECWA, wadda aka kafa a 2005 a Karu, Jihar Nasarawa. Ɗalibanta suna fara karatu a Karu, sa'an nan su koma Jos, a tsohon asibitin mishan da kowa ya sani da suna Jankwano, wanda ya daɗe yana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. A Kudu kuma akwai Jami'ar Bowen ta Baftis, mai asibiti a Ogbomosho, da Jami'ar Babcock ta 'yan Adbentis.

Amfanin koyo a asibitin da talakawa suke cika shi ne, ɗalibi zai ga irin cututtukan da zai yi fama da su in ya dawo gida: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tamowa, sanƙarau, amai da gudawa, ciwon sikila, jijjigar masu ciki, doguwar naƙuda, saran maciji, da raunin harsashi wanda halin da muke ciki ya ƙara mana. Zai kuma koyi jin ciwo da harshen majinyaci. Yaron da ya tashi a Bilbis, in tsohuwa ta ce masa cikinta yana murɗa, ko ta ce iska ce ta taɓa jikanta, ya san abin da take nufi, ya kuma san yadda zai lallashe ta ta karɓi magani. Wannan jari ne babba, makarantar da take Arewa kuwa takan ƙara masa shi.

Duk da haka a tambayi ɗaliban da suke ciki, gama su suka san inda ɗaki yake yoyo. Mutum nawa suke taruwa a kan gado ɗaya lokacin zagayen safe? Manyan likitoci suna nan, ko sun tafi ƙasashen waje? Ana barin ɗalibi ya karɓi haihuwa, ya ɗinke rauni, ya sa ruwa? Amsar ɗalibi ɗan aji biyar ta fi takardar talla.

Inda Ƙofa Ta Fi Buɗuwa

Babu fannin da ake rububinsa kamar likitanci. Masu nema dubbai ne, guraben kowace makaranta kuwa ƙayyadaddu ne. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, ana rubuta Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, daga baya kuma jami'a ta yi tata tantancewar. Makin da zai shigar da yaro wani fanni cikin sauƙi, a likitanci ba zai kai shi ko bakin ƙofa ba.

Abin da ya kamata a sani shi ne yadda jami'o'in tarayya suke raba gurabensu. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da suke kewaye da jami'ar ne. Kashi 20 kuwa an ware shi domin jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani, Zamfara kuma tana cikinsu. Ma'anar wannan ita ce, ɗan Zamfara da ya zaɓi Sakkwato yana da ƙofofi uku, alhali in ya zaɓi Ibadan ko Legas domin suna kawai, ya rufe wa kansa ƙofar makwabtaka, ya shiga kokawa da 'yan manyan makarantun birni. Kuma jami'o'in da ake rububi ba kasafai suke duban wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. Kowa ya san iyakar makinsa, ya zaɓi inda ƙarfinsa zai kai.

Wannan rabo yana bin jihar asali ne, ba inda mutum yake zaune ba. A cikin ikkilisiyoyin Gusau akwai iyalai da yawa da asalinsu Kudancin Kaduna ne, ko Filato, ko Zuru, ko Binuwai, ko da yake an haifi 'ya'yansu a nan. Irin waɗannan su duba jami'ar da jiharsu ta asali take cikin yankinta. 'Yan ƙasa kuma, su nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yaro yana aji biyar na sakandare, kada a bari sai rana ta ƙure. A tabbata suna da ranar haihuwa sun zama iri ɗaya a takardar haihuwa, da lambar ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawa, domin harafi ɗaya yakan jawo wahalar shekara guda.

Akwai tarkuna biyu a wannan hanya. Na farko, dillalan gurbi, masu cewa a kawo kuɗi sun san wani babba. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin kwamfuta da ake kira CAPS, kuma duk gurbin da bai fito ta nan ba, hukumar ba ta san da shi ba. Yaro da kansa zai iya dubawa ya gani. Na biyu, a ba yaro wani fanni mai kama da likitanci, kamar ilimin ƙirar jiki, a ce masa shiga tukuna, baɗi za a mayar da kai. Ba kasafai hakan yake yiwuwa ba, gama gurabe a ƙirge suke. In yana son fannin don kansa, madalla. In kuwa likita yake so ya zama, gara ya sake zama jarrabawa, ko ya bi ta shirin IJMB na share fagen shiga jami'a, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye.

A Ƙirga Kuɗin Ginin

Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Babu inda misalin nan ya fi dacewa kamar nan. Kuɗin shekarar farko ba shi ne abin dubawa ba, sai a tara na shekara 6, a haɗa da abinci, da ɗaki, da littattafai, da kayan aiki, da kuɗin mota, sa'an nan a tuna cewa kuɗin makaranta hawa yake yi, ba ya sauka.

Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake da yawansu sun ƙara kuɗi a 2023. Matsalarsu ita ce yajin aiki. A 2020 malaman jami'a sun yi kusan wata 9 ba su koyar ba, a 2022 kuma wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya shiga da lissafin shekara 6 sai ya ga ya doshi 8. Amma akwai sauƙi ɗaya da ya samu: tun 2024 asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki, rance ne marar ruwa, kuma ɗaliban makarantun gwamnati ne suke cin moriyarsa.

Jami'o'i masu zaman kansu, har da na ikkilisiya, ba su shiga wannan yajin, kuma suna da tsari da tarbiyya. Sai dai kuɗin likitanci a cikinsu miliyoyin naira ne kowace shekara, kuma yakan ƙaru idan an shiga zangon asibiti. Kada wani ya ɗauka cewa tun da makarantar ta ɗariƙarmu ce za a yafe masa. Su ma albashi suke biya, man janareta suke saya. Manomin da abin hannunsa ya dogara ga damina, a ƙasar da wani lokaci gonar ma ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, ya yi tunani sosai kafin ya ɗauki wannan kaya. Babu abin baƙin ciki kamar yaro ya kai aji huɗu a kore shi saboda bashi, ga ƙannensa an cire su daga makaranta dominsa.

In dangi ko ikkilisiya sun yi alkawarin taimako, a zauna a rubuta: wa zai ba da nawa, a wane wata, har shekara nawa. Alkawarin da aka yi cikin zafin murna ranar godiya yakan huce kafin kaka ta biyu. Zumuntar mata da ta maza da ta matasa za su iya kafa ƙaramin asusu domin ɗalibi ɗaya, su riƙe shi har ya gama, ya fi a raba wa mutum goma abin da ba zai kai kowa ko'ina ba.

Zancen Ƙasashen Waje

Wasu in sun rasa gurbi a gida sai su ɗaga ido waje. Akwai makarantu nagari a can, amma shekarun nan sun koya mana darasi. A Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukiren, dubban ɗaliban Nijeriya, da yawansu masu karatun likita, suka gudo da ƙyar, kuma MDCN ta sanar cewa ba za ta karɓi karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. A Afrilun 2023 haka ta faru a Sudan, inda 'ya'yan Arewa suke da yawa, aka kwaso su ta kan iyakar Masar da Fot Sudan. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya fallasa yadda ake sayen digiri cikin 'yan makonni. Ga kuma faɗuwar naira: dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, wato kuɗin makaranta ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba.

Bayan wannan duka, wanda ya yi karatu a waje ba zai taɓa majinyaci a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar da MDCN take shirya wa irinsu, kuma ba kowa yake hayewa a zama na farko ba. Duk mai wannan niyya ya tabbatar majalisar ta san makarantar, ya kuma tabbatar kuɗin suna hannu, ba a bakin wani ba.

Hanya, Tsaro Da Zumunci

Ba za mu rufe ido ga halin da ƙasa take ciki ba. A Satumbar 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. A Agustan 2024 an sace ɗaliban likitanci 20 na jami'o'in Jos da Maiduguri a wajen Otukpo, suna kan hanyar zuwa taron ɗaliban likitanci na Katolika a Inugu, Allah ya sa aka kuɓutar da su bayan kwanaki. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa kuwa mu ne shaidunta. Don haka a tambaya ko makaranta tana da ɗakin kwana a cikin harabarta, musamman domin 'yan mata, da kuma yadda ɗalibi zai koma masaukinsa in ya tashi daga aikin dare. A rage yawan zirga-zirga, a daina tafiyar yamma.

Akwai kuma abin da yake zuciyar iyaye masu bi ko da ba su furta ba. Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato cikin Mayun 2022 ya sa wasu suna jin tsoron tura 'ya'yansu can. Tsoron ba na banza ba ne. Amma kuma gaskiya ne cewa 'ya'yan masu bi da yawa sun yi karatu a Sakkwato da Kano da Zariya, sun fito likitoci, malamansu da abokansu Musulmi sun riƙe su da amana. Abin yi shi ne a shirya yaro: ya riƙe bangaskiyarsa, ya kiyaye harshensa, musamman a waya, ya girmama addinin maƙwabcinsa. Kafin ya tafi, fasto ko katikis ya rubuta wa wata ikkilisiya a garin wasiƙa, a sami gidan da zai riƙa zuwa. Ya kuma nemi zumuntar ɗalibai, kamar FCS ko NIFES, da ƙungiyar likitoci Kirista ta CMDA, inda na gaba da shi za su nuna masa hanyar karatu, su ba shi aron littattafai. Karatun nan yana da nauyi ƙwarai, kaɗaici kuwa ya kayar da masu ƙwaƙwalwa da yawa.

Waɗanda Suka Riga Mu

Likita na farko daga Arewacin Nijeriya, Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912 ya rasu a 1977, ɗan Wusasa ne. A zamaninsa babu makarantar likita ko ɗaya a Arewa, sai da ya je Legas, daga can ya wuce Jami'ar Birmingham a Ingila. Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau a 1927, ya bi ta Wusasa da Ibadan da Landan, ya zama likitan yara, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a lokacinsa ne aka buɗe sashen likitancinta. Ba su da zaɓi irin wanda 'ya'yanmu suke da shi yau. Abin da ya sa ake tunawa da su shi ne sun gama abin da suka fara, sun kuma dawo da shi gida.

In kuwa an yi iyakar ƙoƙari gurbin bai samu ba, kada a mai da yaro kamar wanda ya yi asara. Asibiti ba ya tafiya da likita kaɗai. Akwai aikin nas da unguwarzoma, akwai haɗa magunguna, akwai gwajin jini, akwai aikin lafiyar al'umma wanda Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ta daɗe tana koyarwa. A ƙauyuka da yawa, ma'aikacin ƙaramin asibiti shi ne yake tsaye tsakanin mai naƙuda da kabari. Kada kuma a tilasta wa yaro likitanci domin a riƙa kiran uwarsa Maman Dokta. A tambaye shi, a dubi sakamakonsa, a ji ta bakin malamansa.

Ya ku iyaye, kafin a cika takardar JAMB ta bana, ku zauna da yaron, da wani likita ko nas na cikin ikkilisiya, ku bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ku yi addu'a, sa'an nan ku zaɓa. Allah ya ba 'ya'yanmu basira da naciya, ya kiyaye fitarsu da shigarsu, ya kuma nuna mana ranar da mai ciwo a Bilbis zai sami likita ɗan garinsu a kusa da shi. Amin.